Yaro ya riƙe wasa ɗaya ko a bar shi ya zagaya? Muhawara kan tarihin Dave Roberts

Mushe Ibro (Tahoua)
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina son mu tattauna tarihin wani mutum da galibinmu ba mu san wasansa ba, amma maganar da ke ciki tamu ce. Sunansa Dave Roberts, shi ne mai horar da ƙungiyar besbol ta Dodgers da ke Los Anjalas. An haife shi a 1972 a tsibirin Okinawa, ubansa baƙar fata ne sojan Amurka, uwarsa ƴar Japan. A lise ɗin da ya yi a garin Vista na jihar Kalifoniya wasa uku yake yi: basket, besbol, da ƙwallon Amurka wadda ake sa wa kwalkwali. A wannan ta ƙarshe shi ke riƙe da ragamar hari. Ƙwallo hannunsa take fara zuwa, cikin ƙiftawar ido zai yanke: ya miƙa wa na kusa, ya jefa gaba, ko ya ruga da ita da kansa. Har makarantar hafsoshin sojan sama ta neme shi saboda haka, bai je ba. Ya tafi jami'ar UCLA, inda babu wanda ya gayyace shi, ya roƙi a gwada shi a besbol. Kafin ya fita ya kafa tarihin satar zango na jami'ar, ya kuma fita da digirin tarihi a hannunsa.

A 1994 Detroit ta ɗauke shi a zagaye na 28 na zaɓen sababbin ƴan wasa, wato can ƙasa-ƙasa, kuɗin sa hannunsa dalar Amurka 1,000 kacal. Bai taka babban rukuni ba, wato matakin ƙoli na besbol a Amurka, sai 1999, yana da shekara 27. Yau mutumin nan ya ci kofin World Series, wato wasan ƙarshe na babban rukunin, sau uku a matsayin mai horarwa: 2020, 2024 da 2025.

Abin da ya sa na kawo shi: iyaye da yawa yanzu suna son a cire musu yara daga gudu da tsalle da handbal, a bar su kan balo kaɗai tun suna shekara goma, wai a nan abinci yake. Ni ina ganin cutar yaran muke yi. Me kuka gani?

Alhaji Sale
Wa alaikumussalam Mushe. Ni ina cikin iyayen da kake faɗi, ba zan ɓoye ba. Yarona shina aji huɗu na CEG, birebe na gabansa. Wani mai makarantar balo ya duba shi ya ce ƙafarsa ta hagu tana da kyau, amma ya bar raba hankali. To yanzu ga lakwal, ga makarantar allo da dare, ga balo, kai kuma ka ce a ƙara handbal da gudu. Yini guda awa nawa ne? Amurka suna da kuɗi, suna da fili, yaro ya ƙoshi kafin ya fito. Kada mu ɗauko nasu mu aza kan namu.

Maman Nafisa
Kafin ku yi nisa, don Allah a fayyace mana. Mene ne satar zango? Sata kuma a cikin wasa?

Laminu Bronx
Hajiya, bari in amsa, don ni nan filin Yankees yake kusa da ni, kuma wannan bawan Allah ya taɓa hana unguwarmu barci. Filin yana da zango huɗu, tsakanin kowane biyu mita 27 da ƴan kai. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai sanda ya buga ya ruga zangon farko. Ba a samun maki sai mutum ya zagaye duka ya dawo gida. Wanda ke tsaye a zango yana da damar ya ɓalle zuwa na gaba lokacin da mai jifa ke sakin ƙwallo, ba sai ya jira an buga ba. In ya riga ƙwallon isa, ya ci. In aka taɓa shi da ita kafin ya isa, ya fita. Dokar wasan ta yarda da haka.

Ranar 17 ga Oktoba 2004 a Boston, Yankees sun riga sun ci wasa uku a jere, saura ɗaya su kori Red Sox ta Boston, wadda Roberts ke buga wa a lokacin, a karawar neman zuwa World Series inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke wucewa. Zagaye na tara, wanda shi ne na ƙarshe in ba a yi kunnen doki ba, Yankees na gaba 4 da 3, Mariano Rivera ke jifa, mutumin da in ya fito mutane ke fara neman takalmansu. Kevin Millar ya samu zangon farko, sai aka cire shi aka sa Roberts don gudu kawai. Duk wanda ke filin ya san abin da aka sa shi ya yi. Sau uku Rivera yana juyawa ya jefa zangon farko don ya kama shi, sau uku yana faɗawa ƙasa ya tsira. Jifan farko da ya yi wa mai sanda, Roberts ya ɓalle. Da ƙyar hannunsa ya riga na Derek Jeter, ɗan Yankees da ya tarbi ƙwallon a zango na biyu. Bill Mueller ya buga, Roberts ya dawo gida, aka yi kunnen doki, David Ortiz ya gama wasan a zagaye na 12. Daga nan Boston ta ci huɗu a jere, irin dawowar da ba a taɓa yi ba a tarihin babban rukunin bayan an sha kashi uku, ta je ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1918. Har yau tsofaffin magoya bayan Yankees ba sa son a tada zancen.

Mushe Ibro
Madalla Laminu. Ku lura da abin da ya faru a daƙiƙun nan. Akwai waɗanda suka fi shi gudu a lokacin. Abin da ya fi su shi ne karanta jikin mutum: yadda kafaɗar mai jifa ke motsi, inda nauyinsa ya karkata, lokacin da ƙafarsa ta ɗaga har ba zai iya fasawa ba. Wannan ido yaron da ya shekara uku yana kallon mai tsaron baya yana yanke shawarar miƙawa ko rugawa ya riga ya same shi. Na yarda, lokacin da yake buga wa Dodgers ya samu malami, Maury Wills, wanda ya saci zango 104 a 1962, shi ya goge shi. Amma malami sai ya tarar da abin gogewa.

Zabairu (jami'ar Abdou Moumouni, Yamai)
Mushe, da girmamawa, akwai rami a hujjarka. Kana ɗauko wanda ya yi nasara ka ce ga dalili. Yara nawa ne suka yi wasa uku a lise a Amurka ba wanda ya san sunansu? Kuma in misali ne, ni ma ina da nawa. Messi yana shekara 13 ya koma Barcelona, balo kaɗai ya sani. Namu na gida, Abdoulrazak Issoufou Alfaga, taekwondo ya riƙe tun yana yaro, ya kawo mana azurfa daga gasar Olympics ta Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Da ya raba ƙafa, da wataƙila har yanzu tagullar Issaka Daboré ta 1972 kaɗai muke lissafi.

Baba Gado
Ɗana Zabairu, ka yi magana, amma ka saurari tsoho. Tun da anka fara kokowar takobi nan Tahoua a 1975 idona na kan fili. Ƴan kokowar da munka gani suna kada maza ba wanda ya tashi da kokowa kaɗai. Yaro shina langa da ƙafa guda har cinyarsa ta yi ƙarfi, shina tseren jaki, shina jan guga a rijiyar Adar mai zurfi, shina noma, shina iyo in tabki ya cika. Sai kaka ta yi, a share fili a fara kamawa. Wanda ya yi langa sosai, ko ka ɗauke mai ƙafa guda ba ya faɗuwa, don ya saba tsayuwa bisa ɗaya. Yanzu yaran birni ba su langa, ba su jan ruwa. In lakwal ba ta ba su gudu da tsalle ba, ina za su samo jikin?

Manomin kirki ba ya zuba gero zalla, shina haɗawa da wake, ƙasar ma ta fi jin daɗi. Haka jikin yaro yake.

Alhaji Sale
Baba, Allah shi ƙara girma. Amma kokowa daban. Takobi sau ɗaya ne a shekara, jiha takwas kowace da mutum goma. Balo kasuwa ce ta duniya, masu neman yara kuma ƙanana suke so.

Majo Sani
Alhaji, bari in shigo ta ɓangaren da na sani. Yaro tsakanin shekara 11 zuwa 15 ƙashinsa na tsawo da sauri, jijiya ba ta cim masa ba. A ƙarshen ƙasusuwan akwai wuri mai taushi inda girma ke faruwa. In kullum motsi iri ɗaya yake yi, bugu da ƙafa ɗaya, birki, juyi, a kan ƙasa mai tauri irin tamu, wurin ne ke ɗaukar wahalar. Shi ne za ka ga yaro da ƙulli ƙasan gwiwa yana ɗingishi, ko ciwon diddige. Iyaye su ce girma ne, a shafa man zafi a koma fili. Canjin wasa yana sa wata gaɓa ta huta wata ta yi aiki.

Su kansu masu besbol sun sha wannan. Gwiwar hannun masu jifa tana lalacewa har akwai tiyata da ake kira da sunan Tommy John, ɗan wasan da aka fara yi wa ita a 1974. Da suka ga ana kawo yara ƙanana da irin ciwon, sai gasar yara ta Little League ta sa doka a 2007: ana ƙirga jifan da yaro ya yi a rana, in ya kai iyaka dole a cire shi, a kuma ba shi kwanakin hutu. Mu wa ke ƙirga mana? Yaro zai buga a unguwa da safe, ya buga wa ajinsu da yamma, ya buga gasar hutu gobe, duk a rana mai kai digiri 40.

Zabairu
Majo, wannan na karɓa. Amma ka ga maganar lafiya ce, ba maganar cewa wasa uku ke haifar da mai horarwa ba.

Laminu Bronx
Ni ma nan nake son in ja da Mushe kaɗan. Ana yabon Roberts, amma a faɗi gaskiya: wace ƙungiya aka ba shi? Dodgers ce ta ba Shohei Ohtani kwantiragin dalar Amurka miliyan 700 na shekara goma a ƙarshen 2023. Ga Mookie Betts, ga Freddie Freeman, ga Yamamoto. Da irin waɗannan ma'aikata wa zai kasa? Kuma ya sha zagi a hannun mutanensa. Ya kai wasan ƙarshe a 2017 ya faɗi hannun Houston, ya koma a 2018 ya faɗi hannun Boston. A 2022 sun ci wasa 111 cikin 162, sai San Diego ta fitar da su tun a matakin farko da suka buga. A lokacin jama'a da yawa sun ce a sallame shi. Akwai kuma abin da ya fi ba mutane haushi: a 2016 Rich Hill ya yi zagaye bakwai ba wanda ya taka ko zangon farko, saura biyu ya shiga tarihi, Roberts ya cire shi. A 2022 ya maimaita wa Clayton Kershaw haka.

Mushe Ibro
Laminu, abin da ka kawo a matsayin laifi shi ne ni ya sa nake girmama shi. Hill yana fama da bororo a yatsa, Kershaw kuma farkon kaka ne, ya fito daga jinyar hannu. Mai horarwar da ke son a tafa masa zai bar su su ƙarasa, gobe jarida ta yabe shi, hannun kuma in ya lalace mai shi ya sani. Shi ya zaɓi a zage shi. Mu da ke tsaye a kan yara mun san wannan jarabawar. Wasan ƙarshe na makarantu, yaronka mafi kyau yana ɗingishi, darekta na kallo, iyaye na ihu. Cire shi yana da wuya ƙwarai.

Batun 2017 kuma, kada mu manta daga baya hukumar wasan ta tabbatar Houston tana leƙen alamun abokan karawa da kamara a shekarar, har aka dakatar da mai horar da su.

Kuɗi kam akwai, ban musa ba. Amma ka dubi wasan ƙarshe na 2025 da Toronto. Wanda ya farke a zagaye na tara na wasa na bakwai ba Ohtani ba ne, Miguel Rojas ne, dattijon ɗan wasa da ya daɗe a benci, Roberts ya sa shi a wasanni biyu na ƙarshe. A zagayen nan kuma ya canza mai tsaron tsakiyar fili, ya sa Andy Pages, nan take Pages ya cafe ƙwallon da in ta faɗi ƙasa kofi ya tafi Kanada. Mutumin da ya san darajar ɗan benci shi ne wanda ya zauna a kai. Roberts ko minti ɗaya bai buga ba a World Series ta 2004, bayan duk abin da ya yi musu. Ya san zafin jira, ya san yadda ake riƙe zuciyar wanda ba a sa ba har ranar da za a buƙace shi.

Zabairu, ga amsarka a nan. Yaron da ke wasa ɗaya, in gwani ne, tun yana ƙarami shi ne sarki, kowa na lallashinsa. Wanda ke wasa uku, a ɗaya shi ne kyaftin, a na biyu ɗan tsakiya ne, a na uku ɗaukar wa wasu ruwa yake. Ya zauna ƙarƙashin malamai uku masu hali uku. Ranar da aka ba shi mutum ashirin da shida ya jagoranta, ya taɓa zama a wurin kowannensu.

Zabairu
Wannan ta shige ni, Mushe. Amma har yanzu ina cewa mutum ɗaya ba ya zama ƙa'ida.

Laminu Bronx
Ba shi kaɗai ba ne kam, gaskiya a faɗe ta. Dusty Baker a lise ɗinsa kusa da Sakramento ya yi basket, ƙwallon Amurka, gudu da besbol, ya zo ya ci kofi da Houston a 2022 yana da shekara 73. Kafin su duka akwai Jackie Robinson, baƙin farko da ya karya shingen wariya a babban rukuni a 1947, da rigar Dodgers ɗin nan. A UCLA wasa huɗu ya yi. Roberts jami'arsa ɗaya da shi, kuma shi ne na farko da ba farar fata ba da ya jagoranci Dodgers. Kusa da gida ma, Hakeem Olajuwon a Legas gola ne kuma ɗan handbal kafin ya taɓa basket, shi da bakinsa yana danganta iya taka ƙafarsa da balo.

Maman Nafisa
Duk kun yi ta maganar maza. Ni ɗiyata mace ce, tana handbal tana gudun mita ɗari, kuma ba mai makarantar balo ke son ya hana ta ba, dangi ne. Da ta shiga aji uku aka fara cewa ta girma, ta bar tsalle-tsalle a gaban mutane. Ƴan ajinsu mata rabi sun kawo takardar likita don a ɗauke musu EPS, alhali lafiyarsu ƙalau, kunya ce da rashin wurin canza kaya. Ku kuna gardama tsakanin wasa ɗaya da uku, mu ko ɗayan ana ƙwace mana. Na tsaya mata, na ɗinka mata dogon wando da riga mai rufe jiki, ubanta ya yarda. Amma wace amsa zan ba wanda ya ce ina wasan zai kai ta?

Mushe Ibro
Hajiya, Allah ya saka da alheri da tsayawar da kika yi. Ki ba su labarin Alyssa Nakken. A lise ɗinta a Kalifoniya wasa uku ta yi: basket, volebal, da softbol, ƙanwar besbol da mata suka fi bugawa. A 2020 San Francisco Giants ta ɗauke ta cikin masu horarwa, mace ta farko da ta samu cikakken wannan aiki a babban rukuni. A Afrilun 2022 ta tsaya a zangon farko tana ba maza umarni a tsakiyar wasa.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Makarantunmu na matuƙar buƙatar malaman EPS mata. Yawancin ƴan matan da ke kawo takardar likita, da mace ce ke tsaye a filin da sun fito. INJS na Yamai na horar da malaman wasanni, kuma wanda zai shiga sai ya iya gudu, tsalle, jifa da wasannin ƙungiya. Yarinyar da ta yi handbal da gudu ta riga ta kama hanya. Aiki ne na albashi da mutunci.

Alhaji Sale
To Mushe, ka zo inda nike so. Aiki. Mi yaro zai ci in balo ba ta karɓe shi ba?

Mushe Ibro
Alhaji, tambayar da ya kamata ka yi wa mai makarantar balon ke nan. Cikin yaran da ke hannunsa nawa ne za su ci abinci da ƙafarsu? Sauran fa, da aka raba su da komai tun suna shekara goma sha biyu? Roberts da aka ba shi dalar Amurka 1,000 ba wanda ya yi zaton zai kai, ya kuma ƙarasa digirinsa. Wasansa a babban rukuni kakar shekara goma ce, ya ƙare a 2008. A 2010 aka gano yana da sankarar jini irin ta Hodgkin, ya yi jinya ya warke. Sannan ya fara daga ƙasa: 2011 mai tsayawa a zangon farko na San Diego yana gaya wa masu gudu yaushe za su ɓalle, shekara uku yana wannan, 2014 ya zama mataimakin babban mai horarwa, sai a Nuwamban 2015 Dodgers ta ba shi ragama, a 2016 aka zaɓe shi gwarzon mai horarwa na rukuninsu. Shekarun da ya yi yana horarwa yanzu sun fi waɗanda ya yi yana bugawa a babban rukuni.

Mu nan tsanin ne ba mu da shi. Tsohon ɗan wasa ya ajiye takalmi yau, gobe a ba shi ekip, in ya faɗi wasa uku a kore shi. Ko kuma ya daɗe yana aiki ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi.

Baba Gado
Wanga gaskiya ne. Ku tuna Harouna Doula. Shi ya kai Mena gasar Afirka karon farko a 2012, cikin rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu. Ranar da munka ci Masar ɗaya da nema a filin Seyni Kountché ba wanda ya yi barci a ƙasar nan. CAF ta ba shi gwarzon mai horarwa na 2011. Da anka je Gabon anka faɗi wasan farko, sai anka maishe shi baya anka ba Bafaranshe. Wancan na Amurka ya faɗi wasan ƙarshe sau biyu a jere anka bar shi bisa aikinsa har ya kawo kofi uku. Namu wasa guda. Abin na ci mini rai har yau.

Zabairu
Baba, a nan ba ni da ja. Amma ku bar ni in tsaya kan abu ɗaya: akwai lokacin da dole yaro ya zaɓa. Roberts ma ai ya zaɓa, ya bar ƙwallon Amurka ya riƙe besbol. Gardamarmu kan shekarun ne. Mushe, kai a wace shekara kake ganin ya dace?

Mushe Ibro
Shi yana gama lise ya zaɓa, wajen shekara 18. A balo wannan ya yi latti, na sani. A ganina har yaro ya yi birebe a bar shi ya taɓa komai, balo na ciki, ko da ita ce ta fi yawa. Daga 15 zuwa 16 sai ya karkata, amma ko a lokacin a bar masa wata biyu ko uku a shekara da zai ajiye ta ya yi wani abu. Kuma zaɓin ya fito daga bakinsa. Na ga yaran da aka kawo mini a matsayin ƴan balo, sai ga shi a mita 800 ko tsallen nesa baiwarsu take, ba wanda ya taɓa gwada su.

Maman Nafisa
Shin besbol ɗin ma ana yin ta a Afirka kuwa?

Laminu Bronx
Ana yi Hajiya, kaɗan-kaɗan. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya buga wa Pittsburgh a 2017, shi ne na farko da aka haifa a nahiyar ya kai babban rukuni. Yaran Yuganda sun je gasar Little League ta duniya a 2012. Maƙwabtanmu Burkina ma suna bugawa, ƴan sa-kai na Japan suka koya musu, har wani yaronsu Sanfo Lassina ya je ya buga a can Japan. Kayan ne da tsada, safar hannu ta fata da sanda da kwalkwali. Amma akwai wani sabon salo, Baseball5, mutum biyar-biyar, ƙwallon roba kawai, da hannu ake bugawa, filin basket ma ya isa, kuma maza da mata ke haɗuwa a ekip ɗaya. Mushe, in kana so in na tashi aiko da kaya gida sai in sa maka ƙwallayen da takardar dokokin da Faransanci.

Mushe Ibro
Ina so ƙwarai, Allah ya ba da lada. Sai dai a nan zan raba su, mata daban maza daban, don iyaye su saki jiki.

Alhaji Sale
Ni dai ban sauka daga kan balo ba, kada a ce Alhaji ya tuba. Amma maganar Majo ta tsaya mini, don yaron ya yi kwanaki shina kukan gwiwa, ni kuma na ce raki ne. Gobe in Allah ya kai mu zan kai shi a duba. Handbal ɗin kuma na bar mai har ya yi birebe, daga nan mu sake zama, da shi a wurin.

Majo Sani
Alhaji, ka zo da shi da safe kafin layi ya yi tsawo, ya taho da takalman da yake bugawa da su in gani. Kafin nan kada ya taɓa ƙwallo.

Baba Gado
Mushe, in kana da fili ranar Asabar da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka tara mini yaran aji ɗaya da na biyu in nuna musu langa. A share tsakuwa, a zuba yashi ko amalanke biyu ne. Hajiya, ƴan matan ma su zo, ke ki tsaya kansu da kanki.